Alli a Kafaɗarki

New York, 3 ga Oktoba, 1909

Zuwa ga Nunziata, sanyin idona, inuwar itacen ɓauren da ke ƙofar gidanmu, wadda ko sunanta na ambata a ramin da muke haƙa wa jirgin ƙasa sai in ji iskar garinmu ta buso ni. Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa.

Takardarki ta iso jiya. Layi huɗu, Nunziata! Shekara uku ina jiranki, ki sallame ni da layi huɗu? Kin ce, "Saverio, na yafe maka alkawari, ka nemi mai idon da Amurka ke so." Wane ido? A duk garin nan mai benaye har sama, akwai idon da ya kama ƙafar naki? Na karanta na sake karantawa, har takardar ta yi laushi a hannuna.

Kin san laifin nawa ne, kin dai ƙi faɗa. Ni na rubuto miki cewa idan jirgin ruwa ya kusa isowa, ki matsa lemun tsami a ido don ya yi haske kafin likita ya duba. A bakin tsofaffi na tsinci maganar, can ƙasan jirgi inda aka cusa mu mu ɗari tara lokacin da na zo. Ban taɓa gwadawa ba, amma na aiko miki da ita kamar karatun coci. Kwana goma sha uku kika jure amai da warin kwal da miyar da ba ta ga gishiri ba, kina ɓoye da lemo guda a gyalenki. Safiyar isowa kika matsa shi. Likitan tsibirin da ake tantance baƙi ya juya fatar idonki da 'yar ƙugiyarsa, ya ga ja, ya ɗauka ciwon nan ne mai yaɗuwa, ya shafa miki alli a kafaɗa. Suka tsare ki kwana uku su ga ko jan zai tafi. Ta ina zai tafi, kina ta kuka?

Na zo tarbarki da sabuwar hula da furanni, ta bayan ragar ƙarfe na hango ki. Na yi ta ihu da yarenmu, "Lemo ne, ranka ya daɗe, lemo ne kawai!" Ba wanda ya gane. Abokina Gaspare ya riƙe ni yana cewa, "Kai mahaukaci, so kake su haɗa da kai?" Da ma sun haɗa! Jirgin da ya kawo ki shi ya mayar da ke, ina tsaye a bakin ruwa har hayaƙinsa ya ɓace.

Kin rantse ba za ki ƙara hawa teku ba, ni ma ba zan roƙe ki ba. Na karɓi aikin zuba kwal a tanderun jirgin da zai tashi zuwa Napoli ranar ashirin ga wata. Gaspare ya ce, "Mutane na sayar da gona su zo, kai kuma za ka koma da shebur. Sannu, attajiri!" Ya yi ta dariyarsa. Bai san kowane shebur na jefa a wuta, kusantar ki nake yi ba.

Kin tuna ranar da na bar Napoli? Kamar kowa, na riƙe dunƙulen zaren ulu a saman jirgi, ke kina ƙasa riƙe da bakinsa. Jiniya ta yi kuka, jirgi ya ja, zare na warwarewa har ya suɓuce daga yatsuna. Duk yana wurinki, kuma kin rubuto mini cewa ba za ki saƙa komai da shi ba sai mun haɗu. Ya farin cikina, ki zo da shi tashar jirgi ranar biyu ga Nuwamba. Za ki ga wani baƙi ƙirin da kwal a jikin ƙarfen jirgi yana waige-waige, ni ne. Ki jefo mini bakin zaren, wannan karon ki naɗe ni zuwa gare ki.

In ban gan ki ba, ba zan sauka ba. Zan koma gaban tanderu, in yi ta kai da kawowa a kan tekun nan, har ranar da kika zo.

Naki, a wannan gaɓa da waccan, har Allah ya karɓi raina,

Saverio