Ranar da Na Kashe Injin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya Anti da jikin nata? Mu nan da sauƙi, sai hannun Baba, wanda Umma ta faɗa maka a waya. Amma ba duka ta faɗa ba, don ita ma ba ta sani ba.

Yaya, ba Baba ne ke tuƙa jirgin ruwanmu ranar ba. Ni ce.

Mun sauke fasinja a tsallake, muna dawowa mu biyu, ya bar min sitiyari ya tafi gaba yana naɗe igiya. Littafina na kan cinyata. Wallahi ban buɗe ba, amma hankalina na ciki, don na tsaya daidai inda jarumar ke jiran amsar wasiƙarta. Ina ɗago kai na ga dakalin matsayar jirage dab da mu. Na ruɗe, na kashe injin, na murɗa sitiyari iya ƙarfina. Jirgin ko gezau, ya ci gaba da sulalewa a miƙe.

Sau nawa ka faɗa min? Ranar da aka fito da jirgin gyara har durƙusar da ni ka yi, ka nuna min allon ƙarfen nan da ke bayan farfela. Ka ce shi kaɗai ba ya iya komai, sai farfela ta feso masa ruwa da ƙarfi, ruwan ya bugi gefensa, sannan bayan jirgi ya juya. In tafiya ta yi sanyi wuta ake ɗan ƙarawa, ba kashewa ba. Ina ta gyaɗa maka kai, ashe ina can wata duniya.

Baba ya sa hannu ya tare simintin dakalin, jirgin ya matse hannun.

Ya gaya wa kowa sakacinsa ne. Masu jirage har tsokanarsa suke, wai tsufa ya yi sallama, shi kuma sai dariya. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Rannan na tarar yana fama da maɓallin rigarsa, da ya gan ni sai ya wayance da sosa wuya. Tun daga nan ni nake saka masa kullum da safe.

Ka san bakina da nauyi, shi ya sa na fara da kai. Ina ninke takardar nan zan shiga kicin in faɗa wa Umma, kafin Baba ya dawo ya hana ni.

Ka gaida Anti. Ka yafe min.

Ƙanwarka,
Shiru-shiru