Saura Mutum Ɗaya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, mu kuma ya ƙara mana haƙurin rashinsa. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Umma tana nan, ƙafar ce dai take matsa mata, abinci kuma sai na tsaya a kanta take ci. Kawu ya koma bakin aikinsa. Gwaggo ma ta tafi gida, bayan ta gama juya mana kicin yadda har yau ban gano inda ta kai ludayi ba. Gidan ya yi wani irin shiru da ban saba da shi ba. Kujerar Baba tana nan a bakin taga, ba wanda ya hana a zauna a kanta, amma duk wanda ya shigo sai ya kewaye ta.

Kin san ni da rubutu ba ma shiri, ke kika ja. Na kira ba ki ɗauka ba, na tura saƙon murya ba ki buɗe ba, na bi ta wajen maigidanki ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa. To ga takarda, ita dai ba a katse ta. Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye miki ba, amma tausayinki ya fi ɓacin ran yawa. Zancen agogon hannun nan na Baba mai ƙirga tafiya nake so mu yi, wanda kika ce in kashe shi in jefar.

Ke kika aiko wa Baba da shi lokacin da likita ya ce zuciyarsa tana bukatar ya riƙa tafiyar ƙasa kowace safiya. Mun yi dariya a lokacin, domin mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a bayan sitiyarin motar haya, wanda ko kantin bakin layi za shi sai ya laluba makulli, shi za a ce ya taka ƙasa. Amma da yake daga hannunki abin ya fito, sai ga shi ya ɗaura. Dama tun muna yara ke ce fasinjar gaba, ni kuwa kwandasta yake ce mini saboda bakina ba ya shiru. Kika haɗa abin yadda duk tafiyar da ya yi za ta bayyana a wayarki. Abin da ba ki gani daga can shi ne, agogon ba ya aika miki da kansa. Sai an ajiye shi dab da wayar Baba, ya zuba mata abin da ya tara ta bulutut, wato ta iska ba igiya, sannan ita ta tura miki. Wayar ta tsufa, agogon kuma nawa gare shi kamar me. Wani ɗan zobe ne zai yi ta juyawa a fuskar wayar, ya yi ta juyawa, da Baba ya miƙe zuwa alwala sai ya katse, a koma farko.

Baba ya ce ya gane cutar, lodi agogon yake yi. Wai irin motar nan ce ta tasha, direba ya tayar da inji yana ta ba ta wuta, ɗan kamasho yana ihun saura mutum ɗaya, kai kuwa kana ciki kana gumi har rana ta karkata. Tun daga nan duk gidan muka kama. Idan aka ga ya kafa hannu a kan tebur yana hararar waya, sai a ce kada a taɓa Baba, yana lodi. Da farko ya jure. Daga baya tafiyar ta shiga ransa sosai, har ya fi mu dokin safiya, amma zaman jiran ne ya gagare shi. Kullum sai ya dawo, ya yi wanka, ya wuce wajen abokansa, yana cewa gobe zai zauna. Haka tafiye-tafiyen suka yi ta taruwa a cikin agogon, ke kuma wayarki tana nuna miki babu komai.

Ina falo ranar da kuka yi wayar nan ta ƙarshe, kuma na ji komai. Kina cewa ya daina fita yana yi miki wayo, shi yana rantsuwa kullum sai ya fita, kina cewa ai waya ba ta ƙarya. Washegari da safe ya fita, ya faɗi a hanya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na san abin da kika ɗora wa kanki tun ranar, ko ba ki faɗa ba. Kina ganin maganarki ce ta sa ya ƙara nisa ko ya ƙara sauri a safiyar nan don ya wanke kansa a wurinki. Shi ya hana ki ɗaukar wayata, shi ya hana ki zuwa ki yi wa Umma gaisuwa ido da ido.

To ki ji abin da ya faru bayan kin ajiye waya, tunda ni na gani. Dariya Baba ya yi har da tari. Ya ce wa Umma yau fasinja ta tsare direba, kuma wallahi da alfahari ya faɗa, irin na wanda ya san an damu da shi. Sai ya jawo kujerarsa bakin taga, ya ɗora hannu kusa da wayar, ya ce yau sai motar nan ta tashi. Yamma guda bai motsa ba. Umma ta kawo abinci, da hannu ɗaya ya ci, ɗayan yana ajiye kamar an yi masa ɗori. Zoben ya kusa cika ke nan cajin wayar ya ƙare. Ya yi tsaki, ya ce gobe in ya dawo zai ƙarasa lodin, ki ga zahiri.

A asibiti a leda aka miƙo mana kayansa, agogon da wayar duk sun mutu. Bayan an watse daga zaman makoki na sa wayar a caji don in nemo lambobin tsofaffin abokan aikinsa, na haɗa da agogon, na bar su gefe da gefe a kan tebur na shiga kicin. Ban san abin da zai biyo baya ba. Da ba wanda zai miƙe ya katse shi, sai agogon ya samu yadda yake so, ya fara turo tsofaffin tafiye-tafiyen ɗaya bayan ɗaya, daga mafi daɗewa. Ke kuma wayarki ta sanar da ke Baba ya kammala tafiyar safe, alhali yana cikin ƙasa. Kukan da kika yi mini a waya ranar har yanzu yana kunnena. Daga shi sai saƙon in kashe in jefar, daga nan kuma shiru.

Na tashi kashewa Umma ta riƙe mini hannu, ta tambaye ni mene ne yake juyawa. Na nuna mata zanen hanyar a kan taswira. Auta, Umman nan da kullum muke neman mata tabarau, sai ga ta ta ɗora yatsa tana karanta layin nan tiryan-tiryan. Ta ce nan shagon mai aski ne, ya tsaya yin musu. Nan ya tsallaka titi don kada maƙwabcinmu mai dogon labari ya kama shi. Kowace tafiya kuma sai ta lanƙwasa ta bi ta tsohuwar tasharsu, layin ya dunƙule a wuri ɗaya, ta ce tsayawa ya yi yana kushe ribas ɗin yaran direbobi. Tun daga ranar kullum bayan la'asar muna lodi. Tafiya ɗaya takan cinye mana yammar gaba ɗaya. Ni da ko layin asibiti ba na iya bi ba tare da na tanka wa wani ba, sai in zauna in zuba wa zoben nan ido, Umma tana ba ni labarinsa, ta yi dariya ta share hawaye. Wani lokacin kewarsa takan taso mini har in rasa inda zan sa kaina.

Na san kowacce tana isowa gare ki, kuma na san kowacce tana gaya miki gaskiya ya faɗa. Abin yana damuna ƙwarai. Amma na lura da abu ɗaya. Ke kika haɗa abin nan, kin fi ni sanin inda ake dannawa a raba shi da wayarki, kuma maigidanki ya ce ba ki raba ba.

Makon jiya tafiyar ranar da kuka yi waya ta shigo. Bakin nan nawa ya karanta kwanan watan da ƙarfi, zoben kuma ya sake fara juyawa. Umma ta riga ni gane abin da ya rage, wato tafiyar safiyar da ya faɗi. Ta wawuri agogon daga kan tebur, da ƙafar nan tata mai ciwo ta fice daga falon, ta ratsa tsakar gida har bakin ƙofa, ba ta tsaya ba sai da na ɗaga murya na ce ya katse. Ta dawo tana haki, ta naɗe shi a cikin hular Baba, ta tura can ƙasan kayanta. Wayar kuwa ta ce in tafi da ita gidana. Na ce kashe bulutut ɗin ma ya isa, ta ce ba ta yarda da su ba, a raba musu gida. Ita da kanta take fito da agogon ta sa masa caji, ta tsaya a kansa har ya cika, ta mayar.

Na ɗauka tsoron ganin inda ya faɗi take yi, na fara lallashinta. Ta ce ta san inda ya faɗi, ba sai waya ta nuna mata ba. Sai ta dube ni ta ce, “Wannan motar ba za ta tashi ba tukuna. Saura mutum ɗaya.”

Auta, ban san abin da ke cikin tafiyar nan ta ƙarshe ba, kuma ba zan yi miki rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Wataƙila hanyarsa ta kullum ya bi, mai aski, tasha, gida. Wataƙila ya ƙara nisa. Likita dai ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, kuma tafiyar da kika matsa masa ya riƙa yi tana cikin abin da ya ja mana kwanansa. Umma ko sau ɗaya ba ta ambaci wayar nan da zargi ba, ba kuma wanda ya ga laifinki don nisa ya hana ki samun jana'iza. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne tafiyar nan ta same ki ke kaɗai, a wani ɗaki, ba mai riƙe miki hannu. Ni ma ban yarda ba.

Ki nemi hutu ki taho, ko yaran ba za su samu zuwa ba. Ni zan zo da wayar, Umma ta fito da agogon, mu ajiye su a kan teburin nan. Kujerar bakin taga taki ce, dama gaba kika saba zama. Ki zo da haƙuri, don zai ci mana yamma guda, kin dai ji halinsa. Duk abin da layin ya nuna, mu uku za mu gani.

Umma tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, haka ma maigidana da yarana. Ki gaishe mini da maigidanki, ki yi masa godiyar ɗawainiyar da yake yi da ke, ki shafa mini kan yara, musamman mai sunan Baba. Allah ya kawo ki lafiya.

Taki har kullum,
Yayarki kwandasta, ina bakin mota ina jira.