Barkono Bakwai a Kan Rigar Nilkant

Sawantwadi, 4 ga Agusta

Nilkant,

Kada ka kuskura ka yaga takardar nan kafin ka kai ƙarshenta. Na san halinka, tun kana aji uku kake yaga abin da ba ka son ji. Wannan karon in ka yaga, aurenka ka yaga.

Bayan haka, albarkar uwa tana nan, ko da yake ba ka neme ta ba. Muna lafiya, ruwa ya wadata, shinkafa ta yi kore.

Tunda wayarka ba ta shiga in ni ce ke kira, na koma biro. Direban bas ɗin Panaji ya gaya mini ka bar aikin otal tun watan Mayu, ka tare a jirgin cacan nan na cikin kogi, kana buga kartar da kuke ce wa foka. Jirgin da ba ya zuwa ko'ina, cike da mutanen da ba za su je ko'ina ba. Marigayi ubanka ya yi shekara talatin yana zana karta da hannu yana sayarwa, bai taɓa buga ta a kan kuɗi ko rupi ɗaya ba.

Surukinka ya zo daga Kudal ranar Lahadi, ko shayi bai sha ba. Ya ce in bikin abin bautarmu Ganpati ya zo babu kai a gidan nan, zai tafi da matarka Kalindi da 'yarku Sayali, kuma ba ziyara yake nufi ba. Saura wata guda. Matar nan taka shekara shida tana dafa maka, tana matsa mini ƙafa, ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar kicin ba.

Ka dawo.

Uwarka,
Malati


Panaji, 11 ga Agusta

Aai,

Ina taɓa ƙafafunki. Ina fata ciwon gwiwa ya yi sauƙi. Ki gaida direban bas, ki ce masa ya riƙa kallon hanya.

Foka ba caca ba ce, lissafi ne. Ba a duba kwana ɗaya, shekara ake dubawa. Wata biyu na yi ina ci, lokacin ban ga takardar kowa ba. Yanzu kwana arba'in da ɗaya ke nan abin ya juya. Shekaranjiya katin sarki biyu ne a hannuna, wani mai tumbi ɗan Delhi ya shigo da tarkace, katin ƙarshe ya faɗo masa. Har dafa ni ya yi yana cewa, "Sannu ɗan'uwa, gobe ma rana ce." Haka ake yi mini kullum.

Na canza kujera. Na aske gemu. Na daina cin kifi ranar Talata. Na huta kwana uku, na koma, aka sake cinye ni. Wannan ya wuce lissafi, kambun baka ne. Na zauna na yi tunani: ranar da abin ya fara ita ce ranar da Kalindi ta zo Panaji ta kawo mini tsamin mangwaro, ta shiga ɗakina ta share. Ke ma kin sani, a shekarar da ta shigo gidanmu Baba ya kwanta. Farar ƙafa gare ta, Aai. Kunya ce kawai ta hana a faɗa.

Ga rigata a cikin kwalin nan, wadda nake sawa a teburi. Ki kewaya ta da barkono bakwai da gishiri ki jefa a wuta, yadda kike yi mini ina yaro. Ba a tashi daga teburi ana ƙasa. In na farfaɗo zan zo biki, surukin nan kuma ya sha shayinsa ko ya bari.

Ɗanki,
Nilkant


Sawantwadi, 17 ga Agusta

Nilkant,

Albarka, daidai gwargwadon abin da ya rage.

Tabarauna ya karye tun makon jiya, rubutu da lalube nake yi, karatu kuwa ya gagara. Da kwalinka ya iso, cikin murna na kira Kalindi na ce, "Zo 'yata, mijinki ya rubuto, karanta mini." Ta goge hannu ta zauna a gabana. Ta yi dariya a wurin direban bas. Ta wuce sarki biyu, ta wuce kifin Talata. Da ta iso wurin sai ta tsaya. Ni kuwa, tsohuwar banza, na ce, "Ci gaba mana, me ya ce?" Ta ci gaba. Da bakinta ta karanta cewa farar ƙafa gare ta, da bakinta ta karanta cewa ita ta kwantar da ubanka, mutumin da ta yi wata takwas tana kwashe masa fo. Ta ninke takardar, ta ce, "Aai, ya ce a yi masa barkono. Bari in hura wuta."

Ita ta hura. Na kewaya rigarka sau bakwai na jefa. Ka san ƙa'ida, ba yau aka haife ka ba: in akwai baki a jikin mutum, barkono zai ƙone shiru, ko tari ba za a yi ba. To naka ya tashi gidan. Na yi tari har na riƙe bango. Sayali ta fita da gudu tana kuka. Indu maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana atishawa tana cewa, "Malati, wa kika kama da sata? Yau mun sha barkonon tsohuwa na gaskiya!"

Saboda haka babu baki a kanka, babu ƙafar kowa. Kai ne. Mutum ya zauna gaban wanda ya fi shi wayo kwana arba'in da ɗaya, sannan ya zo yana neman laifi a tafin ƙafar matarsa.

Kalindi ba ta jira biki ba. Jiya sha shida ga wata, da safe, ta taɓa ƙafafuna, ta goya jaka, ta riƙe hannun Sayali, suka shiga bas ɗin Kudal. Ta ce ba ta so ta zauna ta ƙarasa ni kamar yadda ta ƙarasa Baba.

In akwai sauran jinin ubanka a jikinka, Kudal za ka nufa, ba nan ba.

Malati


Panaji, 23 ga Agusta

Aai,

Ina taɓa ƙafafunki sau ɗari!

Kin ce ranar sha shida ta bar gida? To ranar sha shida na ci. Sha bakwai na ci. Jiya mai tumbin nan ya tashi daga teburi bai ce wa kowa gobe ma rana ce ba. Kin ga lissafi ko ba ki gani ba? Ku yi ta tarinku, ni dai na ga aiki.

Ki bar ta a Kudal tukuna, ta huta mu huta. Kada ki je biko, kada ki ɓata mini wannan iskar. Zan zo biki da sabon tabarau, da zanen sari na siliki, ni zan ɗauko gunkin Ganpati daga wurin magini a kaina kamar kowace shekara. Ki dafa modak, kayan zaƙin biki, da yawa.

Ɗanki mai sa'a,
Nilkant


Sawantwadi, 29 ga Agusta

Nilkant,

Ubangiji ya shirye ka. Gaisuwar ke nan.

Takardarka ta wannan karon Indu ce ta karanta mini, na koyi darasi.

Na je Kudal. Na tsaya a tsakar gidan surukinka cikin ruwan sama, da furfurata, na haɗa hannu na roƙi yarinyar da na girmi uwarta. Uban ya ce ba za ta koma wa ɗana ba. Na ce ban zo wa ɗana biko ba, 'yata na zo ɗauka. Sai da rana ta karkata Kalindi ta fito da jakarta da Sayali. A bakin ƙofarmu na wanke mata ƙafa da madara, na sa ta shigo da ta dama, kamar ranar da aka kawo ta.

Ganpati na bana ita za ta ɗauko. Magini ya yi gunaguni cewa aikin namiji ne, na ce ya nuna mini namijin.

Ka riƙe silikinka. Ga dokar gidan nan daga yau, na faɗa wa Indu don unguwa ta ji. Ranar da aka cinye ka, kada ka zo. Ranar da ka ci, kada ka zo. Ranar da ka daina, ka rubuto, amma ba ni za ka rubuto wa ba. Mabuɗi yana hannun Kalindi, ita za ta karanta, ita za ta ce a buɗe ko a bari.

Malati