Baba Ne Mai Raba Gardama

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya dafa maka a wurin aiki. Mu ma alhamdu lillahi. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki ya daina kula kowa, ya ƙi motsa hannun da likita ya ce ya riƙa motsawa, allon ches ɗinsa ma, wato darar Turawan nan, ya sa aka ɗora a kan durowa. Wallahi Yaya, na fara cire rai.

To, aikina na kammala karatu shi ne haɗa manhajojin buga ches su yi shawara: kowacce ta faɗi abin da za a buga, a bi masu rinjaye. Ni da rawar kaina sai na haɗa guda huɗu. Ka ji wauta! Da wasa ya yi zafi sai su rabu biyu-biyu, kwamfuta ta tsaya cik. Ranar Talata ina zaune a falo kusa da kujerarsa ina ta tsaki, biyu sun ce a ci doki, biyu sun ce a ja sarki baya, sai na ji Baba ya yi gyaran murya. Harshe na sarƙewa ya ce in ja sarkin, dokin nan tarko ne. Na bi maganarsa, duk da haka aka cinye mu, ya ce laifin manhaja ta ukun ne, haɗama ta yi mata yawa. Na shiga kicin na sha kukana.

Yanzu kullum da safe sai an sauko da allo, kuma da hannun nan mai ciwo yake tura ’ya’yan wasan. Malamina ya ce in cire ɗaya ko in ƙara ta biyar, na ce masa ai na biyar ɗin yana gidanmu.

Ka gaida Anti da Auta, Umma da Kawu suna gaishe ku. Layin ƙarshen nan da ka ga ya karkace, Baba ne ya karɓi biro ya rubuta da kansa.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai rawar kai

Ka zo mu buga, mu biyar muna jiranka.