Ƙarfen da Ba a Yi wa Dariya

Daren Talata, watan Rajab

Jikana Bello ya iso daga Ingila da la'asar. Rabona da shi tun da gwamnatin soja ta tura su karatu. Don murna rago na yanka, maƙwabta duk sun ci.

Bayan isha'i ya nuna mini hoton wani hannun ƙarfe da suke koya wa aiki. Wai ba a gaya masa yadda zai yi. Abin da ake so kawai ake ɗora masa: sa wannan ƙusa cikin wancan rami. In ya matso kusa a ba shi maki, in ya kauce a hana shi, har ya gano hanya da kansa.

Na ce, "Sau nawa ya kuskure?"

Ya ce, "Tsoho, ai ba shi ƙirguwa. Kwana ukku ina zaune gabanai."

"Ka yi mashi dariya?"

"Dariyar mi? Koyo shikai."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Wasiƙar farko da na rubuta wa Bello da hannuna, bayan shekara biyu ina makarantar dare, cewa ya yi kaji ne suka yi dambe a kan takarda. Wasan jika ne, na sani, amma tun ranar mai rubutu na bakin gidan waya nake sa ya rubuta mini. Yau ga ni ina kishin ƙarfe, ni da na yi wa yaron nan huɗuba a kunne.

Yanzu na rubuta masa wata wasiƙar, layi uku, a karkace yadda suka zo, na tura ta ƙarƙashin ƙofarsa. A ƙasa na sa: ba ni makina.