Ki Huda Kwanukan Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Injiniya da yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin nan da kike ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, har ya fara fita da sanda. Gwaggo tana nan da faɗanta, alamar lafiya ta samu. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, baban yara kuma ya koma aikin safe. To, gaisuwa ta ƙare a nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Na san in na sake kiranki ihu zan yi ki kashe wayar, kamar yadda kika yi mini ranar Lahadi, shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba a kashe ta.

Hoton da kika turo mini na tsiron lemun tsamin Inna shi ya hana ni sukuni mako guda. Na buɗe shi ina murna, na rufe raina a ɓace. Tsiro biyar, sirara kamar tsinken tsintsiya, ganyen ya koɗe ya fara rawaya, duk sun karkata gefe guda. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu sai ƙyalli take don ruwa, ta zama taɓo. Kuma a ina kika dasa su? A cikin kwanukan Inna masu jan fure, kin jera su a kan kabad ɗin kusurwa, bayan ƙofa, inda ko mutum sai ya kunna fitila yake ganin takalminsa. Sannan kika rubuta a ƙasan hoton cewa masha Allah sun yi tsayi. Tsayi, Auta! Ba girma suke yi ba, haske suke nema, suna miƙa wuya ne ko za su hango tagar da kika hana su.

Bari in tuna miki abin da ke cikin kwanukan nan, tunda ga alama kin manta. Shekarar da aka haife ki Inna ta dasa bishiyar nan a tsakar gida, kuma ba baƙon da ya taɓa fita gidanmu ba ta cika masa aljihu da lemo ba. Da ta rasu aka sayar da gidan, mutumin da ya saya bai yi wata biyu ba ya sare ta don ya sami wurin ajiye mota. Kawu ya je da kansa ko zai samu reshe, ya tarar har kututturen an malale da siminti. Abin da ya rage shi ne lemo goma da na tsinko ranar kwashe kaya. Na cire irin na raba biyu, rabi na riƙe, rabi na sa miki a jaka ranar da za ki koma. Ba irin kasuwa ba ne da za a ce in ya mutu a sayo wani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da kika ba ni a waya. Na ce ki huda gindin kwanukan ruwa ya riƙa fita, kika ce ke hannunki ba zai iya ɗora ƙusa a kan kwanon Inna ba. Na ce ki rage ban ruwa, kika ce ai Inna safe da yamma take ba bishiyar, ke ma haka za ki yi. Na ce ki kai su bakin taga, kika ce rana za ta cinye furen jikin kwanon. Haba Auta! Inna a buɗaɗɗiyar ƙasa take zuba ruwanta, ya nutse ya yi gaba, rana kuma tana dukan bishiyar daga fitowa har faɗuwa. Ke kuwa kin zuba ruwa a abin da ba ya yoyo, kin ajiye a duhu, kina jira ya tafi ina? Kuma wace Innar kike karewa? Matar da ba gwangwanin madarar da ya tsira daga ƙusarta, ta huda ta zuba ƙasa ta jera a kan katanga? Ni ce nake riƙe mata gwangwanin tana bugawa, har yau akwai tabo a babban yatsana. Da tana raye ta ga wannan hoton, da kin sha faɗan da ba ki taɓa sha ba, duk da autancinki.

To ki saurara, kuma kada ki ce mini sai ƙarshen mako. Ki juye kowane tsiro a hankali a kan tsohuwar jarida, ki duba saiwar. Wadda take fara da ƙarfi tana da rai, wadda ta yi baƙi ta yi laushi ta ruɓe, ki datse ta da almakashi mai tsabta. Wannan taɓon ki zubar da shi gaba ɗaya. Ki kifa kwanon a kan katako, ki yi masa huji biyar ko shida a gindi. In har yanzu ba za ki iya ba, ki ba mijinki, tunda ana kiransa Injiniya ai huda kwano bai kamata ya gagare shi ba. Ki samo sabuwar ƙasar shuka mai sako-sako, ki gauraya ta da yashi mai tsakuwa-tsakuwa, ki mayar da su ba tare da kin danne ƙasar ba. Ki sa faranti a ƙarƙashi, ruwan da ya taru a ciki ki zubar, kada kwanon ya zauna a cikinsa. Batun safe da yamma kuma ki manta da shi. Ki tsoma yatsa a ƙasar zuwa gaɓar farko, in kin ji danshi ki ɗauke hannunki ki tafi harkarki.

Sai haske. Tagar ɗakin girkinki, wadda kika ce rana tana shiga har ta dame ki, nan ne wurinsu. Ki ɗage labulen, ki goge gilashin, kowane kwana biyu ki juya kwanon don kada su ci gaba da karkata. Na san ranarku gajera ce a wannan lokaci, to ki ɗauko fitilar karatun nan mai lanƙwasa wuya, ki sa mata farin ƙwan lantarki wanda ba ya zafi, ki sunkuyar da ita kamar taƙi ɗaya a samansu, daga la'asar har lokacin kwanciya. In gilashin ya yi sanyi da yamma ki ɗan ja su baya. Furen jikin kwano ya koɗe in ya ga dama, ba shi za a dasa ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban faɗa ba ranar Lahadi, ko da ba ki kashe wayar ba. Kin sha tambayata nawa tsiron, ina ce miki suna nan. Ba sa nan, Auta. Shida suka fito mini, kuma a babban kwanon Inna na dasa su, mai murfin nan, ni ma na kasa huda shi. Na ajiye shi a lungun falo inda yara ba za su ture ba, ina ba su ruwa safe da yamma ina jin kamar ita nake yi wa hidima. Da suka fara langaɓewa na ƙara ruwa. Da na ga abin ya ƙi, na ɗauki kwanon na kai wa mai sayar da shuke-shuke na bakin titinmu. Ya juye shi a gabana, wari ya bugo ni, saiwar duk ta narke. Ya ce ruwa ne ya shaƙe su, duhu ya ƙarasa, da na zo mako biyu kafin nan da an ceci ko guda biyu. Na dawo gida da kwanona lafiyayye, ko kwarzane babu, kuma fanko. Ranar na ɗauki guduma na huda shi ina kuka, lokacin da hujin ba shi da sauran amfani. Wata uku kenan, ko Kawu ban gaya wa ba. Don haka in kin ji zafin faɗan nan, ki sani rabinsa da kaina nake yi. Waɗannan biyar da ke kan kabad ɗinki su kaɗai suka rage a duniya.

Ki gaida Injiniya, ki shafa mini kan Ƙaramar Hajiya da 'yan biyu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku, baban yara ma haka. Kawu ya ce ya share wuri a bayan ɗakinsa, yana jiran ranar da za a kawo masa lemun ƙanwarsa ya dasa. Za ki ji wani abu mai nauyi a cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a ƙyalle. Ƙusar da na huda nawa kwanon da ita ce. Kada ki turo mini wani hoto sai wanda zan ga ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin kwanon Inna.

Taki har kullum, ko da rai a ɓace,
Yayarki