Kaset ɗin Umma da bai isa Ƙonni ba

Illela,
24 ga Nuwamba, 1985.

Zuwa ga yayana Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hasana da yara, da sanyin Jos da kake ta kuka da shi kamar kai kaɗai yake kamawa. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku. Mu nan alhamdu lillahi. An yi sadakar arba'in ɗin Umma, mutane sun zo har daga Araba da Kalmalo. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, sai dai ba ya cin abinci sai an matsa masa. Ni kuwa har yau in na dama fura sai na ware kason Umma kafin in tuna.

Yaya, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma kai ya fi kamata ka ji ta. Ka tuna Dabo mai jaki? Tun da aka rufe iyaka bara ya koma kai saƙo tsakaninmu da Ƙonni ta hanyar daji. Ka san halin garinmu: ka je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa da hantsi, kafin la'asar masu shayi sun san ciwon da ke cikinka. In ka ba direba kuma, a buɗe a hanya a karanta. Shi Dabo ba ya karanta takarda, ba ya sauraron kaset. Ɗinke saƙon yake yi cikin fata kamar laya, ba ya rubuta suna a kai, sunan yana cikin kansa. Ko matarsa ba ta san wa ya aike shi ba. In kuma ya ga za a kama shi, lalata saƙon yake yi nan take, don kada sirrin mutum ya faɗa hannun wani. Saboda haka mutane suka amince da shi, ni ma da bakina na sha yabonsa.

Kashegarin sadaka ya zo ƙofar gida ya ce a kira ni. Ya rame, sai da na duba da kyau na gane shi. Ya ce bai taɓa faɗin sunan wanda ya aike shi ba, amma wannan karon in ya yi shiru ba zai iya haɗiye tuwo ba. Ashe bayan Babbar Salla Umma ta ba shi kaset ya kai wa yayarta, Inna Ramatu, a Ƙonni. An tare shi bayan Araba, sai ya fasa kaset ɗin da dutse ya tsittsinka zaren, kamar yadda ya saba yi. Aka tsare shi fiye da wata biyu. Ranar da ya fito ya ji an ce Umma ta rasu.

Ka fi ni sanin abin da ya raba su. Kai ne ɗan fari, Inna Ramatu aka ba riƙonka, Umma ta je ta ɗauko ka don a sa ka boko ba tare da ta nemi izininta ba. Shekara ashirin da biyu ko gaisuwa babu, kowacce tana jiran ɗayar ta fara. Yanzu na tuna ranar da Umma ta karɓi rikodar da ka aiko mini, ta ce wa'azi za ta saurara, ta rufe ɗaki da azahar. Na ji muryarta ƙasa-ƙasa, na ɗauka lazimi take yi. Daga nan kullum sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da zaure, duk sallamar da aka yi sai ta ɗaga kai. Na yi ta mata faɗa kan zama cikin iska. Wallahi na yi mata faɗa, Yaya. Amsa take jira, ta ga shiru, ta ɗauka yayarta ta ji muryarta ta ƙi ta. Da ta gaya mini kalma ɗaya, da na taka da ƙafata na je Ƙonni, ga ta nan kusa. Amma ta ɓoye abin har daga mu, ta tafi da wannan zaton. Wannan ne yake ci mini rai.

Na roƙi Dabo ya je ya faɗa wa Inna Ramatu da baki. Ranar Alhamis sai ga ta, tsohuwa da sanda, ta ratso gonaki, ƙaya duk ta yayyage mata zane. Ta zauna a ɗakin Umma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sannan ta riƙe hannuna ta tambaye ni mi ƙanwarta Tasalla ta ce a cikin kaset ɗin. Babu mai rai da ya sani. Na dubi fuskarta na kasa faɗin haka, sai na ce Umma ta ce ta yi kuskure, tana roƙon ta yafe mata. Allah ya gafarta mini, ƙarya na yi.

Ta daɗe tana kallona, sai ta yi murmushi hawaye na zuba. Ta ce ta gode, amma ba haka ƙanwarta take magana ba, Tasalla da masifa za ta fara, sai ta gaji ta tambayi lafiyar awaki. Ta ce in daina wahalar da kaina, ko zagi ne a ciki ta yafe, ita muryar kawai take so ta ji.

Ta tambaye ka sau uku kafin ta koma. Ka bar nauyin hannun nan naka ka yi mata kaset, za mu san yadda zai isa. Baba yana gaishe ka, da Kawu Halliru da Ummu. Ka gaishe mini da Hasana, ka shafa kan yara, ka sa Umma cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu.